Dala Goma da Ankwa

Ranar Laraba, 2 ga Agusta, 2017, wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 23 yana zaune a ɗakin jiran fasinjoji na filin jirgin saman Las Vegas, yana dakon jirgin da zai mayar da shi gida. Idonsa cike yake da barci, don kwanaki ya yi ana shagali da shi a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON, kowa na son ya gaisa da shi. Sai ga jami'ai sun tsaya a kansa, suka ce ya biyo su. A wani ɗaki suka shaida masa cewa su 'yan FBI ne. Sunan saurayin Marcus Hutchins, kuma wata uku bai cika ba da jaridun duniya suka gama kiransa gwarzo.

Gwarzontakar ta samo asali ne ranar Juma'a, 12 ga Mayu na shekarar. A ranar ce wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓarke kamar wutar daji a lokacin hunturu. Duk kwamfutar da ta shiga sai ta kulle abin da ke ciki, ta rubuta wa mai ita cewa ya biya fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. Garkuwa ce sak, sai dai bayanai ake tsarewa. Ba ta jiran kowa ya latsa wani abu, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan ta wata kafa da ke jikin Windows, kafar da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gano ta ɓoye wa kanta, har ɓarayi suka sace sirrin suka watsa shi a intanet. Kwamfuta sama da 200,000 ta kama a ƙasashe kimanin 150. A Birtaniya asibitocin gwamnati ne suka fi shan wuya: aka ɗage tiyata, aka karkatar da motocin marasa lafiya, likitoci suka koma ga biro da takarda. Daga baya gwamnati ta ƙiyasta cewa ganin likita kimanin 19,000 aka soke, asarar kuma ta kai fam miliyan 92.

Hutchins yana hutun aiki a lokacin, a ɗakinsa cikin gidan iyayensa, a Ilfracombe, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Devon. Wani kamfanin Los Angeles mai suna Kryptos Logic yake yi wa aiki daga nesa, kuma a intanet ba a san shi ba sai da laƙabin MalwareTech. Da ya samu kwafin manhajar ya buɗe cikinta, sai ya ga wani dogon adireshin intanet, haruffa barkatai marasa ma'ana, wanda manhajar take ƙwanƙwasawa kafin ta fara ɓarna. Ya duba, babu wanda ya mallaki adireshin. Ya saye shi a kan dala 10 da santi 69, da niyyar ya riƙa ƙirga kwamfutocin da suka kamu. Ashe an gina manhajar ne a kan cewa in ta ƙwanƙwasa aka yi shiru ta ci gaba, in aka amsa ta tsaya. Da adireshin ya fara amsawa, sai wutar ta daina cin sabon wuri. Shi kansa sai bayan sa'o'i ya tabbatar da abin da ya yi.

Cikin kwana biyu 'yan jarida suka tono sunansa, suka yi dafifi a ƙofar gidan iyayensa. Abin da ba su tono ba shi ne wanda FBI ta riga ta fara bibiya.

Tun yana ɗan shekara goma sha yake shiga dandalin masu kutse, yana rubuta ƙananan manhajojin ɓarna yana sayarwa. Kamar yadda shi da kansa ya ba mujallar Wired labari a 2020, wani da bai taɓa gani ba, mai laƙabin Vinny, shi ya ja shi cikin ruwa mai zurfi. Ya rubuta masa wata manhaja mai suna UPAS Kit, daga baya kuma aka faɗaɗa ta ta zama Kronos, wadda aikinta satar lambobin sirrin masu asusun banki. Hutchins ya ce ya so ya ja da baya, amma Vinny ya riga ya san sunansa da adireshin gidansu, don ya taɓa aiko masa da kyautar ƙwayoyi ta gidan waya, kuma ya tuna masa da hakan. A 2014 aka fara tallar Kronos a kan dala 7,000. Bayan haka Hutchins ya yanke hulɗa da Vinny, ya koma rubutu a kan yadda ake bankaɗo irin waɗannan manhajoji, rubutun da ya jawo masa aikin halal. Ya ɗauka an binne magana. Rana dubu ta ɓarawo ce dai.

A ɗakin nan na filin jirgi, ba lauya, ba barci, Hutchins ya yi ta magana. Ya amsa cewa shi ya rubuta wani sashe na Kronos, yana ganin in ya ba da kaɗan za a bar shi ya hau jirginsa. Jami'an suka ajiye masa takardun hirar da ya taɓa yi da wani abokin harka shekaru biyu baya. Da aka kai shi wurin tsarewa kuma ya buga waya ya sake taɓa maganar, alhali ana naɗar duk wayar da tsararre ya yi. Baki shi ke yanka wuya. Kafin wani lauya ya sa hannu a shari'ar, rabinta ta riga ta tafi.

Masana tsaron kwamfuta kuwa suka tashi haiƙan, yawancinsu sun yi imani ƙazafi ne. Kotu ta sa beli dala 30,000. Wata masaniya mai suna Tarah Wheeler, wadda ba ta taɓa zama da shi ba, ta kwashi kuɗin sallamarta daga aiki ta biya. Duk da haka sai da ya yi kwanakin ƙarshen mako a tsare kafin a sake shi. An kuma buɗe asusun tara kuɗin lauya, sai aka gano mafi yawan gudummawar da katunan banki na sata aka turo ta, dole aka rufe. Wannan kam abin dariya ne mai ciwo: ɓarayin intanet sun zo taimakon wanda ake tuhuma da ƙera musu makami, suka ƙara masa nauyi. A ƙarshe lauyoyi biyu, Marcia Hofmann da Brian Klein, suka karɓi aikin kyauta.

A Milwaukee ta jihar Wisconsin aka shigar da ƙarar, tuhuma shida, ya ce bai aikata ba. Aka riƙe fasfonsa, aka ɗaura masa na'urar bin sawu a ƙafa. Ya koma Los Angeles da zama, ba izinin yin aiki, ba damar komawa gida, kusan shekara biyu.

Lauyoyinsa sun taɓa kowace ƙofa. Sun ce a yi watsi da maganganun filin jirgi, domin mutumin da bai yi barci ba, ga maye a jikinsa, ba za a ce da saninsa ya yafe haƙƙinsa na yin shiru ba. Sun kawo wata hujja mai kyau: a Ingila ana gargaɗin wanda aka kama cewa shirunsa na iya zame masa illa a kotu, a Amurka kuwa shiru haƙƙi ne da ba a hukunta mutum a kansa, to ta yaya baƙo zai san bambancin? Sun ce jami'an ba su nuna masa takardar kamu da wuri ba, ya yi ta amsa tambaya bai san da me ake zarginsa ba. Sun tambaya ko dokar Amurka tana da hurumi a kan baƙon da ya yi rubutunsa a ɗakinsa a Devon. Sun ce dokar hana satar sauraro tana magana ne a kan na'ura, manhaja kuma rubutu ce. Sun ce yana yaro ya rubuta UPAS Kit. A ganina ba hujjar banza a cikinsu, kuma ta bambancin gargaɗin nan ta cancanci a tsaya mata fiye da yadda aka yi. Amma kotu ta ƙi su ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar wannan ne masu gabatar da ƙara suka miƙo masa tayi: ya tona asirin wasu masu kutse da ya sani, su kuma su nema masa sassauci. Ya ƙi. A watan Yunin 2018 suka ƙaro tuhuma huɗu, suka zama goma, ciki har da yi wa FBI ƙarya.

Akwai wani nauyi da babu lauyan da zai sauke masa. Mutane sun tsaya masa, sun ba da kuɗinsu da sunansu a kan cewa ba shi da laifi, shi kuwa ya san yana da shi. A watan Afrilun 2019 ya sanar cewa ya amsa tuhuma biyu, aka janye takwas. Ya rubuta ɗan gajeren bayani cewa ya yi nadama kuma ya ɗauki alhakin abin da ya aikata. Kowace tuhuma tana iya jawo ɗaurin shekara biyar.

Daga nan aikin lauyoyin ya sauya. Sun daina jayayya a kan abin da ya faru, suka koma nuna wa alƙali ko wane ne mutumin da ke gabansa. Suka tara wasiƙu daga masana da abokan aiki. Babban abin da suka riƙe shi ne lokaci: Hutchins ya bar harkar tun kafin ya san ana nemansa, ba wanda ya kama shi sannan ya tuba. Masu gabatar da ƙara ma ba su musa ba. A takardarsu sun kwatanta shi da wanda ya yi shekaru yana fashin banki, daga baya ya gane kuskurensa har ya koma ƙera wa bankuna makullai, suka ce a yaba masa, amma fashin yana nan a wuyansa.

Ranar 26 ga Yuli, 2019, aka tsaya gaban Mai Shari'a J.P. Stadtmueller, dattijo mai shekara 77 wanda ya hau kujerar tun zamanin Shugaba Reagan. Da yawa sun yi fargabar tsoho irinsa ba zai gane maganar manhaja ba. Sai ya yi dogon jawabi a kan yadda duniya ta jingina da kwamfuta da yadda tsaronta yake da rauni, ya ce irin su Hutchins ne za su iya gyara shi. Ya auna ɓarnar Kronos da ɓarnar da aka tare ranar 12 ga Mayu, ya kuma ba da nauyi ga cewa saurayin ya juya da kansa. Ya yanke cewa kwanakin da ya riga ya yi a tsare sun isa, sai shekara ɗaya ta sa ido, ba tara. Har ya ba lauyoyin shawara su nema masa afuwa, abin da alƙali ba shi da ikon bayarwa.

Vinny dai bai tsaya a gaban wannan kotu ba. Hutchins ya fita ta ƙofar gaba yana da shekara 25, da laifi biyu a rubuce a kan sunansa.