Ruwan gaɓa: don wa ake killace shi?

Tun da Shugaba John Mahama ya rattaba hannu kan sabuwar dokar kamun kifi ta Ghana a 2025, ake ta cewa an hana su a bakin teku. Ba haka zancen yake ba. Manyan jiragen da ke jan taru aka tura baya, daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa, domin a bar wa masu kwale-kwale wurin da kifi ke ƙyanƙyasa. Shingen ma ba sabo ba ne, yana cikin dokar 2002.

Abin da na ga ba a tambaya shi ne wanda zai ci moriyar ruwan bayan an killace shi. A nan ya kamata mu waiwayi jihar Fulorida ta Amurka. A watan Nuwamban 1994, kashi 72 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a haramta ragar da ke maƙale kifi a wuya a ruwan jihar, dokar ta fara aiki a Yulin 1995. Masu jefa fatsa don nishaɗi ne suka ja ragamar gangamin, a gabansu Karl Wickstrom, mai mujallar Florida Sportsman. Hujjarsu tana da ƙarfi: ana kwashe kifin malet mata cike da ƙwai, a farke cikinsu, a tura ƙwan kasuwannin Asiya. Kifin kuma ya farfaɗo bayan haramcin, wannan ba a musu. Amma waɗanda suka ji a jikinsu ba kamfanoni ba ne. Iyalai ne a ƙauyuka irin su Cortez da Cedar Key, masu ƙananan jirage, da suka gaji su tun kaka da kakanni. Gwamnati ta sayi ragoginsu, wasu suka koma kiwon halittun ruwa masu ɓawo, wasu suka watse. Mai nishaɗi ya samu ruwa, mai neman abin sawa a bakin salati ya rasa.

Ghana ta juya lamarin, ta fifita ƙaramin masunci, kuma a ganina hakan ya fi adalci. Sai dai shingen mil 6 bai hana cinikin saiko ba, inda manyan jirage suka riƙa daskarar da ƙananan kifi suna sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, ana saukewa a Elmina. Har Tarayyar Turai ta ba ƙasar katin gargaɗi a 2021.

Don haka jami'ai su daina taƙama da takarda. A fitar da jiragen sintiri, a bayyana sunayen masu jiragen na gaskiya. Mu kuma mutanen zango, da ke ƙorafin tsadar kifin banda a kasuwar Nima, mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu jirgi nawa aka kama bana.