WA ZAI ƊAUKI HOTON RANAR AURE?

Sa'ad da kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, a lokacin ne iyalai da yawa sukan sa ranar auren 'ya'yansu. Iyaye su zauna su lasafta buhun shinkafa, da kuɗin anko, da hayar rumfa da kujeru. Da an iso kan maganar hoto kuwa, sai a ji wani ya ce, "A bar wannan, ai kowa yana da waya." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama a bikin yau, ko a Anka ne, ko Gummi, ko Bukkuyum, da amarya ta fito sai ka ga hannuwa sun tashi sama kamar zangarniyar gero. Duk da haka akwai gidajen da aka yi wa hotuna rututu ranar bikinsu, yau ba su da ko ɗaya da za su nuna wa 'ya'yansu. Wayar wannan ta faɗa ruwa, ta wancan an sace, wani kuma ya goge domin wuri ya cika.

Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka yanke shawara tsakanin gwanin hoto na kuɗi da ɗan'uwa mai waya, ga tambayar da ta kamata ka yi: a wuyan wa nauyin hoton nan yake, tun daga safiyar biki har ranar da za a rataye shi a bango?

Yadda abin yake dā

Gardamar nan ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A shekarar 1888 wani mutumin Amurka, George Eastman, ya fito da kyamarar Kodak wadda kowa zai iya riƙewa. A 1900 kuma kamfanin ya fito da wata ƙarama, ana ce da ita Brownie, kuɗinta dala ɗaya tak. Tun daga lokacin masu sana'ar hoto suke kukan cewa 'yan koyo za su kashe musu kasuwa, ga shi har yau sana'ar ba ta mutu ba.

A nan ƙasarmu dattawa za su tuna da zamanin fim. Nadi ɗaya na fim hoto 24 ne, ko 36, daga nan ya ƙare. Mai hoto ba ya danna kyamara sai ya tabbata kowa ya tsaya daidai, gama kowace dannawa kuɗi ce. Bayan biki ya tafi da fim birni a wanke, a yi ta jira kwana da kwanaki. Hotunan ba su da yawa, amma suna nan har yanzu a cikin albam da ƙasan akwatin iyayenmu mata.

A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Mutanen gari ne suke zuwa wurinsa da adonsu, mata da miji, uwa da 'ya'ya. Abin da ya bambanta shi da wasu shi ne, ya adana fina-finansa na asali, dubbai, bai zubar ba. Ashe ajiyar nan za ta yi rana: a 1994 aka baje hotunansa a birnin Paris na Faransa, duniya ta san shi kafin rasuwarsa a 2001. Gwanintar hannu ce ta ɗauki hotunan, amma ajiya ce ta tsirar da su.

A shekarar 2001 ɗin nan ce wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya. Ba a daɗe ba wayoyi suka zo da kyamara a jikinsu, kasuwar fim ta faɗi, har a 2012 kamfanin Kodak kansa ya je kotu neman kariya domin bashi ya fi ƙarfinsa. Hoto ya zama kamar kyauta, abin da aka samu a banza kuwa ba a cika tattalinsa ba.

Abin da ake biya a wurin gwani

Waɗansu suna tsammani babbar kyamarar ce ake biya. Lalle tana da amfani, domin farantin da yake kama haske a cikinta ya fi na waya girma, saboda haka takan fitar da fuska sosai ko a ɗaki mai duhu-duhu. Amma abin da ya fi kyamarar shi ne sanin haske. Yawancin majami'unmu duhu ne a ciki, ga rana tana shigowa ta ƙofa da taga. Idan ango da amarya suka ba ƙofa baya, ɗan koyo zai ɗauko su kamar inuwa, ba a gane fuska. Farar rigar amarya ma takan ruɗi waya, ko dai rigar ta fita fuska ta yi duhu, ko fuska ta fita rigar ta ƙone da haske, aikin da tela ya yi a jikinta duk ya ɓace. Gwani ya san inda zai tsaya. Ya san kuma rana tsaka takan zuba inuwa a kwarmin ido, sai ya ja jama'a zuwa gindin dalbejiya, ko ya jira la'asar.

Abu na biyu, ya san tsarin sujadar aure. Ba a maimaita alkawari domin mai hoto ya makara, ba a cire zobe a sake sawa. Gwani yakan shirya tun kafin Fasto ya iso wurin, da batir na biyu a aljihu da memori na biyu a jaka.

Abu na uku shi ne mafi girma: shi aiki ya zo yi. Ƙanen ango mai waya, in aka soma waƙa shi ma zai shiga rawa, in aka kawo abinci zai zauna, in baƙi suka iso shi za a aika ɗauko kujeru. Gwani kuwa an biya shi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. In hoto bai fito ba, akwai wanda za a tambaya.

Inda ɗan gida ya fi

Kada mai karatu ya ɗauka cewa dole kowane gida ya kira gwani. Ba daidai ba ne sababbin ma'aurata su soma zamansu da bashin hoto, alhali ba hatsi a rumbu. Daidai ruwa daidai tsaki. Ban da haka, ba duk mai rataye da babbar kyamara ne gwani ba. Akwai masu zuwa biki ba gayyata, su ɗauki mutane, su bugo hotunan nan take su bi su da talla. Akwai kuma masu karɓar kuɗi, wata shida ana binsu albam bai fito ba.

A yammacin Zamfara akwai kuma maganar hanya. In gwanin daga Gusau zai taso, ko Sakkwato, ko Zuru, sai ya bi hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, kamar wadda ta bi ta Anka da Daki Takwas zuwa Gummi. Wanda ya kira shi, sai ya shirya masa wurin kwana, kada a sa ɗan mutane tafiyar asuba ko ta dare saboda hoto. In hakan ba zai yiwu ba, gara a nemi na cikin gari.

Ɗan gida kuma yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ya san wace ce gwaggon da ta goyi amarya, wane ne kawun da ya biya kuɗin makarantar ango. Ƙawar amarya za ta shiga ɗakin da ake sa lalle, da madafa inda 'yan zumuntar mata suke tuƙa tuwo tun asuba, wuraren da ba a barin baƙon namiji ya shiga. Sau da yawa waɗannan ne hotunan da ake kallo da hawaye bayan shekara ashirin.

In ɗan gida za a sa, sai a zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, a ɗauke masa dukan sauran hidima. Ya cika wayarsa da caji, ya rage kayan da ke cikinta, ya goge idon kyamara da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura take yawa. Ya matsa kusa da ƙafarsa maimakon jawo hoto da yatsa, gama jawowar takan ɓata shi. A ba shi takarda da sunayen waɗanda za a ɗauka rukuni rukuni: iyayen ango, iyayen amarya, kakanni, dattawan ekklesiya, yara. Kada a manta da yaran nan. Iyalan ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ba sai an faɗa musu darajar hoton yaro ba.

A cikin majami'a

Ɗaurin aure sujada ce, ango da amarya a gaban Allah suke yin alkawari. Abin baƙin ciki ne a ga samari goma sun kewaye bagade, sun tare wa uwar amarya gani, hasken kyamara yana walƙiya a idon Fasto yana cikin addu'a. Waɗanda aka gayyato su zama shaidu sun koma kallon wayoyinsu. Ko gwanin da aka biya, sau da yawa hannuwan 'yan biki ne suke ɓata masa hoto mafi muhimmanci.

Maganin wannan ba shi da wuya. Ango ya je wurin Fasto tun da sauran kwanaki, ya ce, "Baba, ga wanda muka sa ya ɗauki hoto, ina ne zai tsaya?" Ranar biki kuma mai sanarwa ya roƙi jama'a su sa wayoyinsu a aljihu har a sa albarka, ya tabbatar musu za a ba da lokacin hoto a waje. In auren na rajista ne, dokar aure ta ƙasa ta bukaci a kafa sanarwa kwana 21, a kuma ɗaura shi a gaban shaidu biyu ko fiye. Kwanakin nan sun isa a gama wannan shiri. A tuna kuma a ɗauki hoton takardar shaidar auren kanta bayan an sa hannu, a ajiye shi dabam, domin ranar da takardar za ta ɓace ko ta jiƙe.

Hoton da ya fita daga gida

Dā hoton biki a albam yake, sai wanda aka miƙa wa ne zai gani. Yau tun ba a watse ba ya shiga Facebook da WhatsApp, ba kuwa mai iya kiransa ya dawo. A ƙasar da ake satar mutane domin kuɗin fansa, hoton akwatunan lefe, da sabon babur, da ƙofar gidan da aka kai amarya, da fuskar kawun da ya zo daga Abuja, labari ne aka ba wanda bai tambaya ba. Ba a san wanda yake kallo ba. Rigakafi ya fi magani: kada a sa kome sai baƙi sun koma gidajensu lafiya, kada kuma a nuna dukiya ko wurin kwana.

Akwai kuma doka. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da takardun naira da tattaka su, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyu. A 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sanannen mutum wata shida a kan wannan laifi, bayan bidiyonsa yana liƙi ya bazu. Wanda ya watsa bidiyon liƙi yana iya jawo wa ɗan'uwansa wahala ba da nufi ba.

Maƙwabtanmu Musulmi kuma sukan zo taya mu murna, cikinsu akwai matan da ba su so a ɗauke su, balle a watsa. A nemi izini tukuna. Wanda ya ce a'a, a girmama maganarsa, zumunci ya fi hoto.

Bayan an watse

Nan ne yawancin hotuna suke mutuwa. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan ragu, in an je bugawa sai ya fito dishi-dishi. A karɓi na asali ta waya zuwa waya, ko a memori. A ajiye su wuri biyu aƙalla, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari. Ajiya a intanet tana da kyau, amma mutanen Zamfara sun tuna da watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar makonni da yawa, abin da ke can sama ba mai iya taɓa shi. Takarda ita ma tana da nata abokan gaba, ruwa da gara. Ambaliyar da ta ci gidaje masu yawa a Gummi a watan Agusta na 2024 ta isa shaida. Don haka a buga, a kuma ajiye a memori, in ɗaya ya tafi ɗaya yana nan.

In da gwani aka yi ciniki, a rubuta jinga a takarda a gaban shaida: nawa ne kuɗin, hoto nawa za a buga, wace rana za a kawo, da alkawarin zai ba da na asali duka, ba kuwa zai yi tallar shagonsa da fuskar amarya ba sai da yardarta. A ba da kafin alƙalami, a riƙe sauran sai kaya sun zo hannu. Kafin a kira shi ma, a ce ya nuna albam guda cikakke na wani bikin da ya yi, gama gani ya kori ji.

In ɗan gida ne, a sa masa rana shi ma. Kafin wata ya cika, ango da amarya su zauna su zaɓi hotuna ko da goma ne, a kai shago a buga. A juya bayan kowanne a rubuta ranar, da sunan gari, da sunayen waɗanda suke ciki. A ba iyayen ango ɗaya, a ba iyayen amarya ɗaya, a sa ɗaya a gilashi a rataye a ɗaki inda yara za su tashi suna ganinsa. Wata rana, sa'ad da zama ya yi tsami kamar yadda yakan yi a kowane gida, miji da mata za su ɗaga ido su ga taron da ya tsaya musu shaida, su tuna da abin da suka alkawarta.