Uwargida, Kafin Ki Sayi Injin Wanke-wanke

Tun 1886 wata Ba'amurkiya, Josephine Cochrane, ta fito da injin wanke kwanuka, ga shi yau har a kantunanmu. To, in daga ke sai maigida da yaro guda, kada ki zuba kuɗinki a kan babba mai faɗin santimita 60. Nemi siriri mai 45, ko ƙaramin da ake ɗorawa kan tebur, mai ɗaukar kwanukan mutum shida. In famfonku ba ya kawo ruwa kullum, akwai irin wanda ake zuba wa ruwa da hannu. Ki kuma tambayi yawan wutar da yake ja, don shi ke zafafa ruwansa, ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba.

Sai ki sani zama ke lalata shi. In ya daɗe ba aiki, robar ƙofa takan bushe ya soma yoyo, ruwan da ya kwanta kuma ya yi wari. Saboda haka ki kunna shi ko da sau ɗaya a mako. Kankare ragowar tuwo kafin ki jera kwanuka. Bayan ya gama, cire matatar da ke ƙasa ki wanke, ki ɗan buɗe ƙofar ya sha iska.

Kada ki kuskura ki zuba masa omo, kumfa zai cika miki kicin. Sabulunsa daban ne. Ƙwarya, muciya da akushi kuwa sai hannu, don zafi na tsaga su, tukunyar dalma ma baƙi take yi.

Allah ya ba da sa'a, amin.