Faɗin Gurbi Ba Kwalliya Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu aiki da rumbun bayanai, tun daga malaman da ke koyarwa a Kano har zuwa yaran da suka koma gida Rogo da Ƙaraye suna riƙe wa ƙungiyoyin manoma da makarantu lissafi. Cewa suke yi, in tambayar da ka yi wa rumbu ta yi daidai, aiki ya ƙare. Gyara faɗin gurabe da daidaita layuka a kan baƙin allon nan da ake buga umarni a ciki, wai duk kwalliya ce, aikin wanda ya rasa abin yi. Masu wannan magana ba jahilai ba ne, da yawansu sun fi ni sanin SQL nesa ba kusa ba. Da girmamawa nake cewa, a wannan gaɓar ban bi su ba.

Suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma babba ne. Umarnin tsara fitowar sakamako ba ya taɓa abin da ke ajiye. Wanda ya buga COLUMN suna FORMAT A20 a cikin SQL*Plus na kamfanin Oracle, ko .width a cikin sqlite3, ko \x a cikin psql, bai canza ko harafi ɗaya a rumbu ba. Shi ya sa in sabon ɗalibi ya ga layuka sun hau kan juna ya ɗora hannu a ka yana cewa bayanai sun lalace, malami yakan yi murmushi ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. Hatsin yana nan lafiya lau a rumbu. Sai dai ba daga rumbu ake raba wa mutane ba, da mudu ake aunawa, kuma in mudun ya lotsa, lafiyar rumbu ba ta amfani wanda aka auna wa.

Mu ɗauki abin da ke gabanmu. A cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rogo akwai biyu da sunansu ya fara da kalma ɗaya, Rogo Ruma da Rogo Sabon Gari. A ce sakataren wata ƙungiyar manoma yana son fitar da jerin waɗanda za su karɓi taki, mazaɓa mazaɓa. Zoza da Beli gajeru ne, haruffa huɗu huɗu, sai ya ga babu dalilin ɓata wuri, ya ba gurbin mazaɓa faɗin 5 ya ce a datse abin da ya wuce. Zoza ta fito, Beli ta fito, amma Ruma da Sabon Gari duk sun koma "Rogo". In kuma bai ce a datse ba ya ba shi faɗin 10, SQL*Plus zai naɗo ragowar zuwa layi na ƙasa: "Rogo Sabon" a sama, "Gari" a ƙasa shi kaɗai. Dattijon da ke ƙirga layuka da ɗan yatsa a kan takarda zai iya ƙirga mutum ɗaya sau biyu, kuma ba laifinsa ba ne.

Sunayenmu sun fi wannan haɗari. A gari ɗaya, kai, a gida ɗaya ma, za ka sami Abdullahi uku da Muhammadu huɗu, abin da ke bambanta su yana can ƙarshen suna. Abdullahi Musa da Abdullahi Muhammad, in gurbin suna faɗinsa 12 ne kuma an datse, dukansu "Abdullahi Mu" ne. Tsofaffin fitowar sqlite3, in aka sa su a tsarin gurabe, sukan kimanta faɗin gurbi daga kanunsa da layin farko, ba ya kasa 10, su sare duk abin da ya ɗara haka ba tare da sun ce uffan ba. Sai a fitowa ta 3.33.0, a watan Agusta na 2020, aka sa gurbin ya riƙa buɗewa gwargwadon mafi tsawon abin da ke cikinsa. Masu rubuta manhajar da kansu sun ga abin ya isa a gyara. Da kwalliya ce zalla, da ba su ɓata lokacinsu ba. Kuma kowa ya san irin kwamfutocin da ke yawo a ofisoshin ƙauye, sau da yawa manhajar da ke kansu ta girmi wannan gyaran.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne lambobi. SQL*Plus, in ba a gaya masa komai ba, wuri 10 yake ba kowace lamba. Lambar NIN da hukumar NIMC ke bayarwa kuwa 11 ce, haka ma BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. In aka ajiye su a matsayin lambar lissafi, kamar yadda masu gaggawa suka saba, to 12345678901 za ta fito a matsayin 1.2346E+10. Lambobi shida na ƙarshe sun ɓuya, ma'ana mutane har miliyan ɗaya za su iya fitowa da fuska ɗaya a kan allo. Tun Disamba 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layin waya da NIN, wannan lamba ta shiga kusan kowace takarda da talaka zai cike. Wanda ya ga 1.2346E+10 zai gane akwai matsala, wannan da sauƙi. Haka in aka ba gurbin kuɗi tsarin 99,999 sannan jimla ta kai 150,000, allon zai cika gurbin da alamar #, ita ma ihu take yi, za a ji ta. Mugun shi ne wanda ba ya ihu. Ka ba gurbin buhuna tsarin 999, mai buhu 12.5 zai fito da 13, ba wata alama, ba wani gargaɗi. A ƙasan takarda jimla ta ƙi haɗuwa da abin da ke sito, a fara kallon ma'aji da wani irin ido. Lambar waya kuma da ke farawa da sifili, in an ajiye ta a matsayin lambar lissafi, sifilin ya tafi, sai in an sa tsarin da ke tilasta shi ya bayyana, ko mafi kyau, a ajiye ta a matsayin rubutu tun farko.

Ga kuma gurbin da ba a cike ba. SQL*Plus da psql duk fili suke bari a inda babu bayani. Mai karanta takardar bashin ƙungiya zai ga fili ya ɗauka ba a bin mutumin komai, alhali ma'anarsa ita ce ba a rubuta ba tukuna. Tsakanin "ba a binsa" da "ba a sani ba" akwai shari'a. SET NULL ko \pset null, layi ɗaya tak, zai sa a rubuta "babu bayani" a wurin.

Wani zai ce, to ai laifin manhaja ne, me ya sa ba ta zo a shirye ba? A shirye ta zo, amma ba don mu aka shirya ta ba. Faɗin layi na 80 da SQL*Plus ke farawa da shi gado ne daga katin huji na kamfanin IBM na 1928 mai gurabe 80, ya bi ta kan allunan da suka biyo baya irin su VT100 na 1978. Tsawon shafi kuma 14 ne, shi ya sa kanun gurabe ke ta maimaituwa bayan 'yan layuka kaɗan. Mutanen Amurka ne suka yanke waɗannan ma'aunai don sunayensu da injinansu, ba su taɓa jin labarin mazaɓar Ruwan Bago ta Rogo ba. Wanda ya bar ma'aunin yadda ya same shi, zaɓi ya yi shi ma, ya dai bar wani ya zaɓar masa. Har kanun gurbi ba su tsira ba: a SQL*Plus, gurbin rubutu mai faɗin harafi ɗaya, harafin farko na kanunsa kawai ke fitowa. Duk wanda ya taɓa tambayar teburin DUAL ya ga DUMMY ya koma D.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin UTF-8, ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit biyu yake ci, don haka Ƙaraye haruffa 6 ne a ido, bayit 7 a wurin na'ura. Oracle, in ba a ce masa akasin haka ba, da bayit yake auna tsawon VARCHAR2. Duk manhajar da ke ƙirga bayit maimakon haruffa wajen jera gurabe, layin da ke da Ɗanladi zai goce da wuri ɗaya. In kuma allon da rumbun ba su yi ittifaƙi a kan tsarin haruffa ba, ƙugiyar ta koma alamar tambaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da aka fi yi: a daina rubuta ƙugiyar gaba ɗaya don allo ya yi kyau. Nan kam an taɓa abin da ke rumbu, saboda gudun gyaran da ake kira kwalliya.

Akwai inda zan sallama wa malamaina ba gardama. In sakamakon ba ido ne zai karanta ba, wata manhaja ce za ta haɗiye, to faɗin gurbi ba shi da amfani, cutarwa ma yake yi. A nan CSV ake so, da .mode csv a sqlite3, ko --csv da psql ya samu a fitowa ta 12 a 2019. Haka in mutum shi kaɗai yake leƙa tebur mai gurabe talatin, \G na MySQL ko \x na psql, da ke jero kowane gurbi a layinsa daga sama zuwa ƙasa, sun ishe shi.

Amma takardar da za a liƙa a bangon makaranta, ko a karanta da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci ana kiran suna ana miƙa buhu, ita ce hukuncin da zai hau kan mutane, ba wanda zai je ya duba rumbu. Aikin kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kafin ka zaɓi faɗi, tambayi rumbun mafi tsawon sunan da ke ciki da MAX(LENGTH(suna)), ka ba gurbin abin da ya faɗa maka. Ka ɗaga LINESIZE, wato faɗin layi, ya kai faɗin takardar da za ka buga, ka sa NUMWIDTH, wato wurin da ake ba kowace lamba, ya wuce 11, ka bar wa buhuna gidan rabi. Sannan ka zuba waɗannan umarnai a login.sql, ko .psqlrc, ko .sqliterc, yadda duk ranar da aka buɗe manhajar za su hau da kansu, ko da ranar kana gona wani yaro ne ya zauna a kujerarka.