Yadda Korona Ta Sauya Aikin Masu Nazarin Al'umma Da 'Yan Fafutuka

A ƙarshen 1949 wata Baturiya, Mary Smith, ta yi makonni tana zama da wata tsohuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau, tana rubuta abin da take gaya mata kan aure da kishi da ƙawance da zamanin bauta. Wannan zama ne ya haifi littafin Baba of Karo a 1954. Haka binciken masu nazarin al'umma yake. Mai yinsa sai ya ci tuwon mutane, ya je sunansu da jana'izarsu, har su saba da shi su daina yi masa ɓoyo. Ɗan fafutuka kuma ƙarfinsa taro ne, a cika titi har hukuma ta kasa kau da kai.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annobar da ta game duniya, zama da taro duk suka zama haɗari. Jami'o'i da dama suka dakatar da binciken ido da ido. A watan ne Deborah Lupton, malamar jami'a a Ostareliya, ta buɗe wata takarda a intanet, masu bincike daga ƙasashe suna zuba dabaru a ciki: hira ta waya ko Zoom, roƙon mutane su naɗi muryarsu su faɗi yadda suka wuni, ko su aiko hotuna. Wasu suka jingina da mataimakansu 'yan gari, waɗanda tun asali su ke ɗaukar kaso mai tsoka na aikin, sunansu kuwa bai cika fitowa a bangon littafi ba.

'Yan fafutuka ma suka sake salo. A Birazil mutane suka riƙa buga tukwane ta taga don nuna fushinsu ga Shugaba Bolsonaro. A Barlin, a Afrilun 2020, matasa masu kare muhalli suka shimfiɗa dubban kwalayen zanga-zanga a filin gaban majalisar Jamus, ba tare da taro ba.

Aljeriya ce ta fi tsaya mini a rai. Tun Fabrairun 2019 ake fita kowace Juma'a, boren da ake kira Hirak, wanda ya kawar da Shugaba Bouteflika daga mulki. Da cutar ta shigo, aka dakatar da fita a Maris 2020, wasu matasan suka koma feshin magani a unguwanni da raba abinci. Titi na yin shiru, kame ya ƙaru. An ɗaure ɗan jarida Khaled Drareni, bai fito ba sai Fabrairun 2021, watan da jama'a suka sake cika tituna.

Idan muka koma kan masu bincike, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, idan ya ga binciken da aka yi a wancan lokaci, shi ne ya tambaya da wa aka yi magana. Waya tana kai ka ga mai waya, mai kuɗin data, mai wurin caji. Matar da sai ta ari wayar mijinta za ta amsa tambaya yana zaune kusa yana ji, kuma a waya ba ka ganin lokacin da ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Tsohuwa irin Baba, da a 2020 aka neme ta, da wuya lambarta ta kasance cikin jerin waɗanda za a kira.