Ba Iskar Gas Ce Ta Hana A-kori-kurar Tashi Ba

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya kuma ta shiga kwaɗaitar da mutane su mayar da motocinsu kan iskar gas ta CNG, wata magana ta bazu a tashoshin mota da majalisun hira, wai gas na kashe inji. Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta mai a-kori-kurar da ya kai Hilux ɗinsa gareji lafiya lau, aka gama aiki, aka murɗa makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Wannan fahimta a karkace take, kuma tana rufa wa ainihin matsalar asiri. Motar zamani da aka sa wa kayan gas da fetur take tashi, sai injin ya ɗauki zafi sannan ta juya kan gas. Ke nan in ta ƙi tashi, gas bai ma kai ga shiga inji ba. Abin tuhuma shi ne wayoyin nozul da aka yanke aka sake haɗawa, ko wani soket da aka zare aka manta.

Haka abin yake a kowane irin gyara: motar da ta shiga gareji da ƙafarta ta kasa fita, inda hannu ya taɓa ake fara dubawa. In an murɗa makulli aka ji tsit ko ƙas-ƙas, kan batir ne bai ɗauru ba, ko wayar da ke haɗa shi da jikin mota. In injin na juyawa bai kama ba, a nemi fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin sensar da ke karanta juyawar inji. Mai dizal da aka canja wa matatar mai iska ce ta shige ta, akwai ɗan famfon hannu a kan matatar don fitar da ita. Duk wannan aikin mintuna ne, babu abin saya a ciki.

To me ya sa ake kwashe mako guda ana canja kaya ɗaya bayan ɗaya? Amsar na cikin tarihin da ba a cika waiwaya ba. Manyan kanikawanmu a kan Peugeot suka koyi sana'a, 404 da 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Motoci ne na kafireta, waɗanda kunne da hanci da gogewa ke gano ciwonsu, kuma tsarin koyo na oga da yaro ya dace da su, shi ya sa ya fitar da gwanayen da suka riƙe sufurin Arewa shekaru da dama. Sai duniya ta canja. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci tsarin OBD-II, wanda mota ke faɗin ciwonta ta hanyar na'urar da ake jona mata. Motocin gwanjo masu ƙwaƙwalwa suka kwararo ta Kwatano da Legas, amma babu wanda ya koma ya sabunta ilimin ogan, shi kuma ya miƙa wa yaransa abin da ya sani. Daga nan dabarun da a da ba su da illa suka zama masifa: cire kan batir inji na aiki don gwada caji, yin walda ba a kwance batir ba, goga waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi, feshe inji da ruwa mai ƙarfi. Kowanne na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota ko jiƙa soket. Bayan an ƙona sai a ce wa mai mota dama ta gaji, a aika shi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wata.

Kanikawa suna da tasu hujja, kuma ba a banza take ba. Sukan ce tsohuwar mota na iya macewa kowane lokaci, jabun kaya sun cika kasuwa, masu mota kuma sun fi son gyaran araha. Duka gaskiya ne. Sai dai katari ba ya faruwa kullum, kuma hanyar raba gardama tana nan: a jona na'ura a karanta ciwon motar kafin a taɓa ta, a rubuta, a sake karantawa bayan aiki. Wannan ya fi kare bakanike mai gaskiya fiye da rantsuwa. Jabun kaya kuwa ba su ke hana a mayar da soket mazauninsa ba. Mai mota ma yana da nasa laifin, domin wanda ke ciniki kan kuɗin gwaji amma ya yarda ya sayi famfon mai a kan zato, shi ke raya sana'ar canki-canka, alhali wannan motar ce ke kai tumatir da buhunan masara kasuwa, kwananta ɗaya a gareji asarar gida guda ce.

Babban nauyin na kan hukumomi. Asusun ITF yana nan tun 1971 don horar da ma'aikatan hannu, ga hukumar NADDC mai kula da masana'antar motoci, ga NBTE mai tsarin tantance ƙwarewar masu sana'a. Bai kamata a ce ana rarraba kayan gas alhali mai wayarin da zai yanki wayar nozul bai iya karanta taswirar wayoyin motar ba. Su haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA, su kai horon cikin garejin da ake aikin, da Hausa, da yamma bayan an tashi. Masu mota kuma su sani cewa dokar FCCPA ta 2018 ta ba su damar neman a sake gyara aikin da aka ɓata ko a mayar musu da wani abu daga kuɗinsu, kuma hukumar FCCPC na karɓar irin wannan ƙorafi. Amma ƙorafin ba zai yi nisa ba sai da takardar da ke nuna aikin da aka yi da ranar da aka yi shi, don haka a nemi ta kafin a karɓi makulli.