Katifar gashin tsuntsu: amfaninta a gida da inda ba ta dace ba

A ƙasashen arewacin Turai, inda ruwa ke daskarewa a lokacin sanyi, an daɗe ana ɗaukar katifar gashin tsuntsu a matsayin dukiya. A da, iyaye kan shafe shekaru suna tara gashin agwagwa da na dinya, wato babbar agwagwar nan mai dogon wuya, domin su haɗa wa 'yarsu kayan ɗaki. A Ingila har a cikin wasiyya ake ambaton ta, a fayyace wanda zai gaje ta, a zamanin da talaka ke kwana a kan buhun da aka cusa wa ciyawa.

Ita kanta katifar ba ta samar da zafi. Aikinta shi ne tsare iska. Gashin yana da dubban silili ƙanana da ke riƙe iska a tsakaninsu, ita kuma iskar da ba ta motsi ba ta barin ɗumin jiki ya fice da sauri. Shi ya sa ake bambanta gashi iri biyu. Akwai na waje mai tsinke a tsakiya, wanda ke ɗaukar nauyin mutum ba tare da ya kwanta gaba ɗaya ba. Akwai kuma lallausan gashin da ke ƙarƙashinsa, musamman a ƙirji, wanda ba shi da tsinke kuma ya fi riƙe ɗumi. Na farkon ya fi dacewa da shimfiɗa, na biyun da mayafi. Mafi tsada shi ne na wata agwagwar teku da ake kira eider, wanda manoman Iceland ke tsinta daga sheƙarta, domin da kanta take fizge shi daga ƙirjinta ta lulluɓe ƙwanta.

A yau ba kasafai ake kwana a kanta ita kaɗai ba. Ana ɗora ta ne a kan katifa mai tauri, sai ta sassauta matsi a kafaɗa da ƙugu, abin da masu kwana ta gefe ke jin daɗinsa. A Jamus kuwa rufa ake yi da ita, a maimakon tulin barguna. Idan ta tsufa, ana iya farke ta a yi matasan kai da gashin.

Sai dai ba kowa ya kamata ya hau ta ba. Likitocin yara suna gargaɗi cewa kada a kwantar da jariri a kan shimfiɗa mai laushin da fuskarsa za ta nutse a ciki, domin numfashinsa na iya toshewa alhali ba shi da ƙarfin juyawa. Mai asma ma ya yi hattara, saboda ƙura da ƙananan ƙwarin da ke zama a kayan kwanciya. Wanda ke fama da ciwon baya kuma, laushi kaɗai ba ya tallafe shi.

Babban abokin gabarta danshi ne. Gashin da ya jiƙe yakan dunƙule, ya yi wari, ya yi funfuna. Don haka ake kaɗe ta kullum da safe, a riƙa shanya ta a iska, a sa mata riga mai matsattsiyar saƙa da za a iya cirewa a wanke. Idan an wanke ita kanta, dole ta bushe ƙarau har ciki kafin a mayar da ita gado.

Ga mai sha'awar saye a nan gida, yanayi ne zai yanke hukunci. A Jos ko tsaunin Mambila, ko a tsakiyar hunturu a Kano, za ta yi rana. A watan Afrilu a Sakkwato kuwa azaba ce. Kakanninmu sun yi irin wannan dabara da audugar rimi, wadda ita ma ba ta da nauyi kuma tana riƙe iska, har yanzu kuma ana cusa matasan kai da ita a kasuwanninmu.